Madugu Na Gaba, Birki Na Ƙafarka: Yadda Ake Zaga Tsaunukan Alps Cikin Ayarin Motoci Masu Ɗaki

Rana ta uku ce da tashinmu. Muna gangarowa daga Hochtor, ƙololuwar mashigin hanyar dutsen Grossglockner, zuwa ƙauyen Heiligenblut a ƙasar Ostiriya, sai uwargida ta ɗaga hanci ta ce, "Malam, ba ka ji ƙauri ba?" Na ji mana. Tun ɗazu nake jinsa, ina dai ruɗin kaina cewa daga motar gabanmu yake. Da na taka birki na ji ya yi laushi kamar na taka katifa, sai na bar musu, na lallaɓa na shige wani ɗan fili da aka tanada a gefen hanya. Siririn hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba. Kunya ce ta ja mini. Motar da nake bi ta yi mini nisa, ni kuwa ba na so a ce ni na tsinke ayari, sai na saki mota tana gudu ina tare ta da birki.

Can sai ga mataimakin madugu, wanda motarsa ke rufe baya. Ya tsaya, ya sunkuya ya duba, ya hana ni ja birkin hannu, ya sa na bar motar a giya, muka cusa weji, abin tokare taya, ƙarƙashinta. Abin da ya ce mini bai fi haka ba: "Babu wanda ke tsaye a ƙasa da agogo yana jiranka." Muka yi rabin awa a nan muna kallon kwari.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, mota mai ɗaki mota ce da aka gina wa gida a bayanta: gado, murhu, firji, tebur da kujeru, ɗan banɗaki, da tankin ruwa. Yawancin waɗanda ake bayarwa haya a Turai a kan Fiat Ducato aka gina su, tsawo wajen mita 7, faɗi mita 2.3, tashi sama kusan mita 3. (Uwargida ta ce ashe kishiya na yi mata, tunda ita ma mai ɗaki ce.) Tafiyar ayari kuma ita ce kamfani ya tsara hanya, ya kama muku zango a kowane dare, ya ba ku madugu da ya san duwatsun, amma kowa shi ke tuƙa motarsa. Mu motoci 12 ne, kwana 14, daga kusa da Munich a Jamus, muka ratsa Ostiriya, muka shiga arewacin Italiya, muka fito ta Suwizalan.

Abin da za ka tambaya kafin ka biya

Tambayar farko: jerin gwano ake yi, ko kowa da ƙafarsa? Wasu kamfanonin suna jera motoci ne ɗaya bayan ɗaya daga safe har yamma. Wasu kuwa littafin hanya za su ba ka, mai taswira da lambobin da za ka sa a na'urar nuna hanya, ka tashi lokacin da ka ga dama, a haɗu a zango da yamma. Namu gauraye ne, ranakun manyan mashigai a jere, sauran ranaku a sake. In da zan koma, wanda ya fi sakin mutane zan zaɓa. Jerin motoci 12 masu faɗi a kan hanyar dutse azaba ce ga na bayanku, kuma babu filin tsayawa da zai ɗauke ku duka a lokaci guda, don haka wuraren da suka fi kyau sai dai ka gan su ta taga.

Sannan ka tambayi harshen da madugu zai yi magana da shi. Kada ka ɗauka Ingilishi ne. Ayari da yawa da Jamusanci ake jan su, wasu da Faransanci ko harshen mutanen Holan, kuma bayanin yamma shi ne ran tafiyar. Ka tambayi kilomita nawa ake yi a rana. A kan dutse kilomita 150 yini ne cur, duk wanda ya nuna maka 300 a takarda to a babbar hanya zai ƙare da kai, tsaunukan suna can nesa kamar hoto. Ka ji ko akwai ranakun hutu da ba a motsa mota, ko kuɗin zango da na shiga hanyoyi suna cikin abin da ka biya, ko akwai makanike a ayarin, da abin da ake yi idan aka wayi gari an rufe mashigi, wato hanyar da ke ƙetare kan dutse, saboda dusar ƙanƙara. Madugun kirki yana da hanya ta biyu a aljihu, kuma zai faɗa maka ita ba tare da kame-kame ba.

Lokaci ma zaɓi ne. Hanyar Grossglockner takan buɗe daga farkon Mayu zuwa wajen ƙarshen Oktoba, amma manyan mashigan Suwizalan irin su Furka da Grimsel da Susten sai wajen Yuni ake share su. Yuli da Agusta cunkoso ne na masu hutu, babura da kekuna ko'ina. Mu a ƙarshen Yuni muka je, akwai wuraren da muka bi ta tsakanin bangon ƙanƙara da ya fi motar tsayi, ƙasa kuma ciyawa shar da furanni. Satumba ma an yaba mini, hanya ba kowa, sai dai dare ya fi sanyi.

Takardu ba su da yawa. Bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da yawa, guda ta isa ƙasashen huɗu, har da Suwizalan duk da ba ta cikin Tarayyar Turai, kuma tana ba da kwana 90 cikin 180. Ka riƙe lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na asali. Lambar da za ka haddace ita ce 3,500. Lasin ƙaramar mota a Turai, rukunin B, iyakarsa kilo 3,500 ne, mota da duk abin da ke cikinta, har da kai. Abin da ya haura haka sai rukunin C1. Kuɗin hanya ma a kan wannan lambar ya rabu: ƙasa da ita, sitikar shiga manyan hanyoyi za ka saya a Ostiriya, akwai ta kwana 10, a Suwizalan kuwa ta shekara ce kawai, faran 40 na kuɗin ƙasar, ko da yini ɗaya za ka yi. Sama da ita, a Ostiriya sai an maƙala maka wata 'yar na'ura da ake kira GO-Box mai lissafa kilomita. Italiya shinge ne, ka karɓi tikiti in za ka shiga, ka biya in za ka fita. Hanyar Grossglockner tana da nata kuɗin daban, sitika ba ta biya mata.

Ranar karɓar makulli

Kada ka yarda a yi maka bayani a tsaye cikin minti goma. Ka ce a nuna maka, sannan ka yi da hannunka: buɗe tukunyar gas da rufe ta, kunna hita, cika tankin ruwa, zubar da ruwan wanke-wanke, zaro akwatin masai da mayar da shi. Ka ɗauki bidiyon mai bayanin, don ranar da za ka buƙace shi dare ne kuma ana ruwa. Ka zaga motar da kyamara, rufi, ƙasan bamba, gilashi, madubai, kowane ɗan ƙarce ka sa a rubuta. Ka karanta abin da inshora ba ta ɗauka, domin sau da yawa rufi da ƙasan mota da tayoyi suna wuyanka, kuma su ne daidai inda dutse ke taɓawa. Daga nan ka rubuta tsawo da faɗi da tashin motar a takarda da manyan lambobi, ka manna kusa da sitiyari. In ka iso bakin rami ko ƙarƙashin gada ka ga allo ya ce 2.8, ba lokacin buɗe littafi ba ne.

Batun lodi kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Irin wannan mota kafin ka sa mata komai ta kusa kilo 3,000, abin da ya rage maka 'yan ɗaruruwa ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 100 kuwa kamar ka ɗauki wani ƙaton mutum ne ka hau dutse da shi. Ranar hawa rubu'in tanki ya isa, ka cika in ka sauka zango. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, na sama su zama tufafi. In ka rataya kekuna a baya, Italiya na bukatar ka maƙala allo mai ratsin ja da fari, santimita 50 kowane gefe.

Akwai kuma zagayen safe, wanda na mayar al'ada bayan abin da ya same mu. A lanƙwasa ta farko da muka sha, aljihun cokula ya buɗe ya watse a tsakar mota, ƙarar kamar an jefo mu da kwanoni. Tun daga ranar ba na tayar da inji sai na bi komai da hannu: aljihuna a kulle, firji a kulle, tagar rufi a rufe, gas a kashe, wayar lantarki a naɗe, matakala a ciki, weji a ɗauke. Wani a ayarinmu ya taɓa jan wayarsa a ƙasa har bakin ƙofar zango, mutane na ta ɗaga masa hannu yana zaton gaisuwa ce.

Taron yamma

Kowace rana kafin duhu madugu kan tara mu, kowa da kujerarsa da littafinsa. A nan ake faɗin abin da taswira ba ta faɗa: inda za a sha mai kafin a fara hawa, mahaɗar da in ka kuskure ta za ka faɗa cikin lungun ƙauye da ba ya juyuwa, filin da ke cika kafin ƙarfe goma, garin Italiya da bai kamata ka kusanci tsakiyarsa ba saboda allon ZTL, alamar yankin da aka taƙaita shigar motoci, inda kyamara ke ɗaukar lamba tara ta biyo ka bayan watanni. Ka zo da biro. Kuma idan na'urar nuna hanya ta saɓa wa littafin madugu, bi littafin. Na'urar ba ta san faɗinka ba, ita dai gajeriyar hanya take nema, da ɗan gari kuwa akan ci gari. Yawanci ana raba rediyon oba-oba. Amfaninta gargaɗi ne, "bas na gangarowa", "shanu a kan titi", amma ba ta jin kira in dutse ya shiga tsakani, don haka ka ajiye lambar madugu a waya. Lambar gaggawa a duk ƙasashen 112 ce. In a Jamus ka sayi layin waya, ka bincika ko ya haɗa da Suwizalan, yawanci bai haɗa ba.

Hawa, shan kwana, da gangara

Hawa shi ne mai sauƙi, ko da yake shi ke ba baƙo tsoro. Ka sa giya ta biyu ko ta uku, ka bar inji ya yi kukansa, ka riƙa duban allurar zafi. Kada ka tsaya a tsakiyar tudu kana riƙe mota da kuloci, nan da nan za ka ƙona shi. Hanyar Grossglockner, wadda aka buɗe a 1935, tsawonta kilomita 48 ne da lanƙwasa 36, tana hawa har mita 2,504 a Hochtor, kuma inda ta fi miƙewa tsaye kashi 12 cikin ɗari ne. Kowace mota lafiyayya za ta hau ta.

Shan kwana yana son tunani. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke ta ciki, gindin motar kuma, wanda ya zarce tayar baya da fiye da mita guda, yana fita ta waje. Tun kafin ka iso ka rage giya, ka ɗaga kai ka leƙa hanyar da ke samanka ka ga ko wani na zuwa, sannan ka buɗe sosai kafin ka karya sitiyari. Da yake a hannun dama ake tuƙi, kwanar dama ita ce matsattsiya kuma ita ta fi tsayuwa, wani lokaci dole ka ɗan ci layin wancan hannun. In babbar mota na ciki, ka tsaya tun daga nesa ta gama. Wanda ke zaune kusa da kai ba ɗan kallo ba ne, shi ke ganin abin da ba ka gani. Uwargida ta ƙware a wannan har ta kai kalma biyu kawai take faɗa, "ba kowa" ko "dakata".

Gangara ce mai ci. Ka yi lissafin da kanka: daga Hochtor zuwa Heiligenblut saukar wajen mita 1,200 ce. Mota mai kilo 3,500 da ta sauko wannan tazarar tana sakin ƙarfin da in aka mai da shi zafi ya isa ya kai lita 100 na ruwa ga tafasa, har da ragi. Wannan zafin dole ya tafi wani wuri. In ka bar wa birki shi kaɗai, faifan da takalman birki za su yi zafin da ba sa kamawa, man birki kuma ya tafasa. Sabon mai irin DOT 4 yana jure digiri 230, amma yana shan danshi a hankali, tsohonsa kan iya tafasa a wajen 155, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma shi ya sa ya kamata ka tambayi kamfanin haya yaushe aka canza. Da ya tafasa kumfa ke shiga bututu, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Katifar da na taka ke nan.

Maganin tsoho ne: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Tun kana kan tudu, kafin mota ta ɗauki gudu, ka sa ta biyu. Inji zai yi ƙara kamar yana faɗa da kai, ƙyale shi, aikinsa yake yi, shi ke riƙe motar. In gudu ya ƙaru, ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci har ya ragu sosai, sannan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya iska ta sanyaya shi. Abin da ke kashe birki shi ne ɗora ƙafa a kai a hankali ba ɗagawa. Kada ka kuskura ka sa mota a firi. In mai canza giya da kanta ce, ka mayar da ita hannu ka kulle ta a ƙaramar giya. In ka ji ƙauri, tsaya a wuri na farko da ya samu, kada ka ja birkin hannu a kan ƙarfe mai zafi don yana iya mannewa, kada kuma ka watsa ruwa, faifan zai lanƙwashe. Haƙuri kawai yake so.

Kuma ka bar motar gabanka ta tafi. Ban san direbanta ba, ban san nauyinta ba, ban san ko shekara ashirin ya yi yana bin hanyar nan ba, amma na ɗaura kaina a bayanta kamar akuya. Tazara ma alheri ce ga masu ƙananan motoci, su samu inda za su shiga in sun wuce ka. Ka ga sun taru uku ko huɗu a madubi, ka ratse su wuce, za su ɗaga maka hannu. Ka kula da masu kekuna a gangara, sukan fi ka gudu.

Inda hanya ta matse har mota biyu ba sa wucewa, ƙa'idar Suwizalan ita ce mai hawa ke da hanya, mai gangarowa shi zai tsaya, ko ya yi ribas in ta kama, sai fa in mai hawan ne ya fi kusa da wurin ratsewa. Babbar mota kuma tana gaban ƙarama. Akwai bas-bas na gidan waya masu launin ruwan ɗorawa, da ƙahonsu mai sauti uku da ake jiyowa tun kafin a gan su. In ka ga allo shuɗi da hoton ƙaho, hanyarsu ce, abin da direban ya nuna maka da hannu shi za ka yi, ba gardama.

Wani hawan ma ba naka ba ne. Mashigin Stelvio a Italiya, mita 2,757, lanƙwasa 48 ne da lamba a jikin kowace ta ɓangaren ƙauyen Prad, kuma tsakanin 1820 da 1825 aka gina hanyar, zamanin keken doki. Madugu ya ce mu ajiye motoci a ƙasa mu hau bas. Wasu suka yi ta guna-guni, har da ni. Da na ga yadda direban bas ɗin ke shan kwana da tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, sai na yi shiru na gode wa Allah.

Zaman zango

Da ka isa, fara daidaita mota. Ka ɗora kofin ruwa a kan tebur ka ga inda ya karkata, ka hau weji ta wannan ɓangaren. Barci a karkace ba daɗi, ruwan shawa ba ya tafiya, kuma firjin da ke aiki da gas ba ya sanyi in mota ta karkata da yawa. Sai lantarki: wasu zangunan amfiya 6 kawai suke bayarwa, wato wajen wat 1,400, butar lantarki da na'urar busar da gashi a tare za su ɗauke wutar. Akwatin masai kuwa kada ka jira ya cika, duk kwana biyu ka kai shi wurin da aka keɓe, ba magudanar ruwa ba. Ga wani sirri da ba a rubutawa a takardar talla: in kun hau ko kun sauko da yawa, iska na matsewa a cikin akwatin. Ka rufe murfin masai tukuna kafin ka ja marfin ƙasa. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu ne ya gaya mini, bayan ya canza riga.

Sanyi zai ba ka mamaki ko a tsakiyar bazararsu. Zafi na raguwa da wajen digiri 6.5 a kowane mita 1,000, in kwari na digiri 25, kan mashigi na iya zama 14, ga iska. Ka ajiye rigar sanyi kusa da kujera, kada ta kasance can ƙarƙashin gado. Da dare a zango mai tudu, tukunyar ruwan zafi ta motoci da yawa tana da ɗan famfo mai buɗe kansa idan sanyi ya kusa digiri 3, ya zubar da ruwan don kada ya daskare ya fasa ta. Ka tashi da safe ka ga tafki ƙarƙashin mota, ba yoyo ba ne, ka bar hita a kunne kaɗan. Gas ɗinka ya zama furofen, domin butan ba ya tashi in sanyi ya kai sifili. Tukwanen gas kuma bakinsu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, gara ka tashi da biyu cike. Kada ka ce za ka kwana a bakin hanya don wurin ya burge ka, a jihar Tirol ta Ostiriya doka ta hana kwana a mota a wajen zango, hanyar Grossglockner ma rufe ta ake yi da dare.

Abin da ka zo gani

Duk wannan ɗawainiyar don kallo ake yinta, kuma kallon na mai sammako ne. Da safe sama tas take, da rana ta karkata gajimare kan taru, tsawa da ruwa su biyo baya. Ranakun da aka sake mu, ƙarfe shida muke tashi, mu kai sama kafin manyan bas-bas.

A Kaiser-Franz-Josefs-Höhe, wurin tsayawa kallo a hanyar Grossglockner, mita 2,369, kana tsaye dutsen Grossglockner na gabanka, mita 3,798, babu dutsen da ya kai shi a Ostiriya. Ƙarƙashinsa Pasterze ne, kogin ƙanƙara. A 1963 aka yi ɗan jirgin dogo da ke saukar da mutane bakin ƙanƙarar. Yau inda yake sauke ka tsakuwa ce, sai ka yi ta gangarawa da ƙafa kana wuce alluna masu shekaru, kowane na nuna inda ƙanƙara ta tsaya a wancan lokacin, ƙasa kuma tafki ne mai launin toka. Na daɗe a tsaye gaban allon shekarar da aka haifi ɗana na fari, ina auna tazarar da ido. A Furka ma, mita 2,429, mafarin kogin Rhône da ke ratsa Faransa ya faɗa Bahar Rum, mun tarar an lulluɓe wani ɓangare na ƙanƙarar da fararen barguna don rage narkewa, kamar majinyaci.

Duwatsun Dolomites na arewacin Italiya kuwa, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2009, wata halitta ce daban, farare, a tsaye kamar ganuwar da ta rushe. Ka ajiye mota a mashigin Pordoi, mita 2,239, ka shiga akwatin da ke hawa kan waya zuwa Sass Pordoi, wajen mita 2,950. Can sama ka taka a hankali, numfashi na gajarta, ka sha ruwa, ka shafa man kare rana ko da kana jin sanyi. Amma kada ka yarda abincin dare ya cinye maka faɗuwar rana. Na 'yan mintoci dutsen kan rikiɗe ya yi ja-ja kamar garwashi, mutanen Ladin da ke zaune a kwarurukan suna kiran abin enrosadira. Ranar farko muna ciki muna wanke kwanoni ya wuce mu. Direba ya tuna kuma, shi ba ya kallo sai ya tsaya. In wuri ya yi maka kyau, nemi fili ka yi fakin, ka kashe inji, ka ji ƙararrawar shanu. Shanun da ke da 'yan maruƙa dai a ba su tazara.

Zama da mutane shi ma aiki ne, amma ba mai yawa ba. Ka zo taro a kan lokaci, ka yi shiru bayan ƙarfe goma na dare, kada ka kafa kujerunka a filin maƙwabci. A kowane ayari akwai mai latti, akwai wanda ya fi madugu sani, akwai mai cika oba-oba da labari. Akwai kuma wanda zai fito cikin ruwan sama ya tsaya bayanka yana ba ka hannu har ka gama ribas, ba ku ma jin harshen juna. Ba dole ba ne ka halarci kowace hira, wani daren ka rufe ƙofarka ba wanda zai ji haushi.

Ranar mayar da mota ka tashi da wuri. Tankin mai a cike, akwatin masai a wanke, ruwan wanke-wanke a zubar, ciki a share, in ba haka ba kowane da tararsa. Ka tsaya a zaga motar tare da kai, kuma ka karɓi takardar da ke nuna an karɓa lafiya kafin ka bar wurin. Mu an sami ƙarce a bayan madubin dama. Na rantse ban taɓa komai ba, uwargida ta yi shiru irin shirun da na sani, muka buɗe hotunan ranar farko. Na ɗauki rufi, na ɗauki tayoyi huɗu, na ɗauki har cikin firji, bayan madubin ne kaɗai ban ɗauka ba. Aka cire kuɗinsa daga abin da na ajiye jingina. Muna cikin jirgin ƙasa zuwa filin jirgi ta ce, "Malam, ka tuna bangon nan na Pordoi da na ce dakata?"